Sandar sitiyarin babur mai taya huɗu ta lanƙwashe: a miƙe ta ko a canza?

Malam, ka ce babur ɗinka mai taya huɗu ya kife a gona, yanzu kan ya karkace ko da tayoyin suna miƙe, kana tambaya ko mai walda zai iya miƙe sandar sitiyarin, wato ƙarfen da ke kai juyin kan babur zuwa tayoyin gaba.

Ni dai canza ta zan yi. Bututun ƙarfe ce, ba ƙarfe cikakke ba. In aka gasa ta da wuta aka miƙe, wurin da ya lanƙwashe ya riga ya yi rauni, kuma can za ta tsage wata rana kana cikin gudu. Ɗan lanƙwasa kaɗan ne kawai ake iya dannawa a sanyi da injin matsa, shi ma sai an duba babu tsaga.

Amma kafin ka kashe kuɗi, tabbatar ita ce. Sau da yawa hannun kan ne ko tayarod, wato ƙarfen da ya haɗa sandar da taya, ya lanƙwashe. Ciro sandar, ka mirgina ta a kan tebur mai santsi. In tana tsalle, ta lanƙwashe.

Wajen ɗaurawa, sa sabon boris na ƙasa da bushin, ka shafa giris, ka sa sabon fin, wato ɗan ƙarfen da ke hana noti kwancewa, a notin sandar. Tsohon fin kam, jefar da shi. Daga nan a saita tayoyin gaba.