God of War: Wanne Ya Fi, Kuma Wanne Za Ka Fara Saya?

Saƙonnin da suka fi yawa a wannan karon duk a kan God of War suke, jerin wasannin bidiyo na jarumi Kratos da kamfanin Sony ke fitarwa tun 2005. Mun tsamo guda biyar, mun taƙaita tambayoyin.

Daga wani ɗalibi a Zariya: "Assalamu alaikum. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wasu sun ce na uku ya fi, wasu sun ce Ragnarök. Ku raba mana, ku jera su daga sama har ƙasa."

Wa alaikumus salam. Ka gaya wa 'yan majalisa duk ɓangarorin biyu ba su ci ba. A wajenmu na 2018 ne a sama, God of War II na 2007 na bi masa, Ragnarök na 2022 ya zo na uku, sai God of War III na 2010. Bayan su na farkon na 2005, sannan Ghost of Sparta, Chains of Olympus, sai Ascension a can ƙasa. Betrayal, wanda aka yi wa ƙananan wayoyin Java a 2007, ba mu sa shi a lissafi ba.

Abin da ya ɗaga na 2018 gatari ne mai suna Leviathan. Ka jefa Leviathan ya kafe a ƙirjin abokin gaba, ka ci gaba da dambe da hannu da garkuwa, sannan ka danna madannin alwatika: gatarin ya fizgo kansa, ya sari duk wanda ya tare masa hanya, ya faɗo tafin Kratos da wani ƙara mai nauyi, hannun wasan ya girgiza. Za ka yi wannan sau dubu kafin ka gama, kuma ba ya gundura. Da gatarin ake faɗa, da shi ake daskarar da injin ƙofa, da shi ake fasa tukwanen da ke buɗe akwatuna. Labarin kuma bai da rassa: uba da ɗansa Atreus za su kai tokar gawar Faye, mahaifiyar Atreus, ƙololuwar dutse mafi tsawo, shi ke nan. Kyamara ba ta yankewa daga farko har ƙarshe. Cory Barlog ne ya jagoranci aikin, kuma wasan ne ya ci kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na 2018. Aibinsa ɗaya sananne ne: ƙarancin manyan bos, wato manyan abokan gaba da ake yin karo na musamman da su. Ƙaton dodon nan mai ɗauke da ginshiƙin dutse za ka kashe shi, ka sake kashe shi da wani launi, har ka haddace motsinsa.

God of War II shi ne ƙarshen gwanintar tsohon salo, inda kyamara ke tsaye daga nesa, Kratos na wulwula wuƙaƙe masu sarƙa. Da buɗewa kana faɗa da ƙaton gunkin birnin Rhodes, kuma daga nan ba ya sassautawa: faɗa, wasan kaifin basira, hawa dokin Pegasus, gudu a kan sarƙoƙin da ke ɗaure da dawakai masu girman duwatsu, fikafikan Icarus. Na farkon manyan bos uku kacal gare shi, Hydra, Minotaur da Ares. Na biyun ya ninka haka fiye da sau uku, kuma duk a kan PS2, watanni kaɗan bayan PS3 ta shigo kasuwa.

Masu goyon bayan Ragnarök suna da hujja. Faɗansa ya fi na kowanne faɗi, makamai uku ne har da mashin Draupnir, abokan gaba iri-iri, duniyoyi tara duk ana shiga, kuma akwai wani babban yanki a Vanaheim da mutum zai iya gama wasan bai ma san da shi ba. Matsalarsa kiɗa ne ya yi yawa har rawa ta rikice. Labarin da ya isa wasa biyu aka cusa a ɗaya, don haka tsakiya ta yi ja, musamman dogon zaman Atreus a dajin Ironwood, ƙarshe kuma aka yi shi a gurguje. Ga abokan tafiya masu baki: ka tsaya kallon wata ƙofa daƙiƙa kaɗan, sai wani ya faɗa maka yadda ake buɗe ta.

Na uku ya fi kowanne buɗewa mai razanarwa, faɗa da Poseidon a jikin Gaia tana hawan dutsen Olympus, haka ma karon da Cronos. Amma cikin manyan makamansa huɗu, uku duk 'yan gida ɗaya ne, sarƙa da kaifi, sai dunƙulen ƙarfen Hercules ne kawai ya fita daban. Kratos ɗin ciki kuma fushi ne zalla, har mai wasa ya fara tambayar kansa bayan wa yake. Na 2005 har gobe yana da haikalin Pandora, wanda shi ne ginin da ya fi kowanne tsari a jerin, amma duk wanda ya hau ginshiƙan nan masu juyawa da wuƙaƙe a lahirar Hades, ya faɗo daga dab da sama ya koma ƙasa, ya san dalilin da ya sa bai wuce na biyar ba. Ascension na 2013 ba mummuna ba ne, rashin dalili ne ya kayar da shi. An kulle wasu sare-saren sai ma'aunin fushi ya cika, an sauya yadda ake kare sara, kyamara na ja da baya har ka rasa Kratos a cikin taro, kuma wani mataki na kusa da ƙarshe, gwajin Archimedes, ya yi tsananin da sai da kamfanin ya fitar da gyara ya sassauta shi.

Daga wani tela a Maraɗi: "Na sayi PS4 na hannu, kuɗin faifai ɗaya ya rage mini. Ragnarök ne sabo, shi zan ɗauka? Ko dole sai na faro daga na farko?"

Malam, ɗauki na 2018. Ya fi araha, kuma Ragnarök ci gabansa ne kai tsaye. Akwai ɗan taƙaitaccen tuni a shafin farko na Ragnarök, amma ba zai sa ka ji abin da ke tsakanin Kratos da Freya, macen da ya haɗu da ita a na 2018, ba, alhali a kan wannan ƙullin rabin labarin ya tsaya. Wasannin Girka kuwa, wato tsoffin da suka gabaci na 2018, ba dole ba ne. An gina na 2018 yadda baƙo zai shiga, shi kansa Atreus bai san tarihin ubansa ba, tare za ku gano. Zai ɗauke ka kimanin awa 20 idan labari kawai ka bi, ya ninka idan ka tsaya neman mayaƙa mata Valkyrie takwas da sarauniyarsu Sigrun.

Abu biyu ka kiyaye. Kada ka zaɓi matakin wahala na ƙarshe, Give Me God of War, a zagayen farko, domin a wannan wasan idan ka fara da shi ba a saukowa sai dai ka sake sabon wasa. Na biyu, idan ka ga ma'aunin ran abokin gaba da launin shunayya, ya fi ƙarfinka a yanzu. Juya kwalekwale ka tafi, ka dawo bayan maƙeran wasan, Brok ko Sindri, sun ƙara wa sulkenka daraja.

Ka sani PS4 ba ta karanta faifan PS3 ko PS2. A cikin na Girka, wanda za ka samu a faifan PS4 shi ne God of War III Remastered na 2015. Ranar da ka tashi sayen Ragnarök na hannu, buɗe kwalin a gaban mai shago: na PS4 faifai biyu ne, ɗaya na zuba wasan a na'ura, ɗaya na bugawa. Juya kowanne a haske ka duba ƙarzuwa. Ka duba yankin da aka buga shi, na Amurka ne ko na Turai. Faifan zai yi aiki ko daga ina yake, amma ƙarin Valhalla da aka saki kyauta a Disambar 2023 sai asusunka na PlayStation ya dace da yankin faifan zai hau. Da yake Nijar da Najeriya ba sa cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun, yawancin mutane na Amurka ko na Ingila suke da shi, to ka san naka kafin ka biya. Na'urar kuma za ta yi ƙugi kamar injin markaɗe idan ƙura ta toshe fankarta, musamman bayan hunturu. A kai ta a share kafin a ɗora mata Ragnarök.

Daga wani matashi a Kumasi: "Ba ni da na'ura sai waya. Wanne zan iya bugawa, kuma me ya sa yake sarƙewa?"

Biyu ne naka, waɗanda kamfanin Ready at Dawn ya yi wa PSP, ƙaramar na'urar hannu ta Sony: Chains of Olympus na 2008 da Ghost of Sparta na 2010, ta manhajar PPSSPP mai buga wasannin PSP a waya, wadda kyauta ce a Play Store. Duk wanda ya ce maka yana da Ragnarök na Android, ƙarya yake, babu shi. Abin da za ka sauke talla ce ko manhajar satar bayanai. Fayil ɗin wasan ma halastacciyar hanyarsa ita ce kwafe shi daga faifan PSP da ka mallaka.

Fara da Chains of Olympus. Gajere ne, awa biyar zuwa shida, kuma yana da wurin da ya fi kowanne taɓa zuciya a zamanin Girka, inda wasan ke tilasta maka danna madanni da hannunka don Kratos ya ɓamɓare 'yarsa Calliope daga ƙafarsa. Ghost of Sparta ya fi shi kyan hoto da makamai, ga mashi da garkuwa, ga labarin ƙaninsa Deimos, amma ya fi wahalar da waya.

Sarƙewa kuwa, shiga saitin hoto ka mayar da Rendering resolution zuwa 1x, wato asalin girman allon PSP, 480 da 272. Idan ya tafi sumul, gwada 2x. Sauya Backend tsakanin Vulkan da OpenGL ka ga wanda wayarka ta fi so, ba doka ɗaya ba ce ga kowace waya. Frameskipping kada ya wuce 1, domin wuraren da ake nuna madanni a allo a ce ka danna da sauri suna kuɓucewa idan hoto na tsalle. Kada ka kunna Skip buffer effects don neman gudu, yakan bar ka da baƙin allo. Idan wasa ya fara lafiya sai bayan minti ashirin ya soma ja, zafi ne: waya na rage wa kanta ƙarfi idan ta ɗau zafi. Cire rigar wayar, kada ka buga tana caji. Sannan a PSP kaucewa sara sai an danne L da R tare a karkata sandar motsi, abin da ke da wuya a kan gilashi. Ƙaramin hannun wasa na Bluetooth zai magance wannan fiye da kowane saiti.

Daga wata uwa a Kaduna: "Ɗana mai shekara 11 ya dame ni in saya masa wannan wasan. Ya dace?"

Hajiya, bai dace ba. Dubi kusurwar kwalin: na Amurka na ɗauke da harafin M, wato shekara 17 zuwa sama, na Turai kuma lamba 18. Na zamanin Girka su suka fi muni ga yaro, akwai tsiraici a fili, kuma a biyar daga cikinsu akwai ɗan wasan batsa da ake bugawa da madannai, ga cire kai da farke ciki a kusa da kyamara. Na 2018 da Ragnarök babu tsiraici, amma jini da ashar suna nan. Ki kuma san cewa labarin gaba ɗaya a kan ababen bautar tsoffin Girkawa da na mutanen arewacin Turai aka gina shi. Tatsuniya ce, amma gara ki ji daga gare mu. Idan PS4 ce a gidan, Ratchet & Clank na 2016 an yi masa alamar shekara 10 zuwa sama, kuma yana da tsalle-tsalle da faɗan da yake nema. Ki sa babban yayansa ya shiga saitin Parental Controls ya ƙayyade shekaru, ke kuma ki riƙe lambar sirrin, don faifan aro ya fi na saye yawo a tsakanin yara.

Daga wani mai gidan gem a Kano: "Ina da tsoffin PS2 da PS3, ga kwamfuta guda. Me zan zuba?"

A PS3 nemi God of War Collection na 2009, mai ɗauke da na ɗaya da na biyu da hoto mai tsabta, da Origins Collection na 2011 mai na PSP guda biyu. Hattara da God of War Saga na 2012. Kwalin ya ce wasa biyar, amma uku ne a faifai. Sauran biyun lambar saukewa ce a takarda, kuma a na hannu an riga an cinye ta.

A PS2, faifan na ɗaya da na biyu masu hawa biyu ne, don haka na'urar da idonta ya raunana takan karanta farkon wasa lafiya ta maƙale a tsakiya. Ido za a sauya, ba faifai ba. Masu bugawa ta filasha kuma su sani ramin USB na PS2 tsohon samfuri ne, 1.1, shi ya sa bidiyon cikin wasan ke yankewa.

Kwamfuta: na 2018 ya iso a Janairun 2022, yana neman aƙalla katin hoto GTX 960 mai giga 4, RAM giga 8, da fili giga 70. Ragnarök ya iso a Satumbar 2024, mafi ƙarancinsa GTX 1060 mai giga 6 da fili giga 190 a kan SSD. Idan kwamfutarka irin ta ofis ce mai katin Intel na cikin gida, kada ka ƙona data. Kuma tunda gidan gem ne, ka tuna duk waɗannan na mutum ɗaya ne, ba kamar wasan ƙwallo da ake biya a yi minti goma a tashi ba. Ka ware wa kowane kwastoma wurin ajiyar wasansa, ka rubuta lambar a littafi, in ba haka ba wani zai goge wa wani aikin awa goma sha biyar.