Fatawa: Shin bincike kan albashin ma'aikata ja da rabon Allah ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a Jami'ar Jihar Gombe, ina karanta ilimin tattalin arziki. Binciken da zan kammala karatu da shi a kan albashin malaman makarantun kuɗi ne, da yaran shago, da matan da ke gyaran wake a kasuwar hatsi. Bappana, wanda a hannunsa na tashi, ya ce in bari. Wai Allah ne ya yi mai kuɗi ya yi talaka, ƙididdige wannan ja da hukuncinsa ne, karatun ma na 'yan gurguzu ne, kuma sauraron ma'aikaci yana faɗin aibin maigidansa giba ce. Shi ma yana da shago da yara uku. Akwai laifi in na ci gaba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, binciken halal ne, kuma in kin gyara niyya akwai lada a ciki. Amma maganar bappanki ta farko tana da tushe, kada ki raina ta. A Suratuz Zukhruf, aya ta 32, Allah ya ce shi ya raba wa mutane abincinsu a rayuwar duniya, ya ɗaukaka wasu a kan wasu domin sashe ya riƙa yi wa sashe aiki. Wanda ya ce dole sai kowa ya zama daidai da kowa a dukiya, ya saɓa wa wannan aya.

Inda bappa ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba shi ne nan. Mai makaranta ya fi malamar da ke koyarwa a wurinsa dukiya, wannan rabo ne. Amma ya karɓi kuɗin zango daga iyayen yara, ya sayi fili, malamar tana wata na uku tana cin bashin omo da garin masara a shagon unguwa, wannan ba rabo ba ne, sunansa zalunci. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci ne, Bukhari da Muslim suka ruwaito. A hadisin ƙudusi na Bukhari, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya cika masa aiki, shi kuwa ya hana shi ladansa. Ibnu Majah kuma ya kawo umarnin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Da a ce haƙƙin da aka danne yana cikin rabon da ake haƙuri da shi, da waɗannan hadisai ba su zo ba. A Suratul Hashri ma, aya ta 7, da aka raba dukiyar fai'i, wato wadda aka samu daga abokan gaba ba tare da yaƙi ba, an faɗi dalili: don kada ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kaɗai.

To, yaya al'umma za ta san ko ana danne haƙƙi in ba wanda ya je ya tambaya ya rubuta? Gwamnati ta sa hannu a kan naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Yulin 2024, bayan naira 30,000 ta 2019. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin jinga da na gona da ake yi lokaci zuwa lokaci. Ke nan yawancin mutanen da kike son ji daga bakinsu suna wajen inuwar dokar. Shari'a kuwa ba ta ƙirga yawan ma'aikata. A Risala, littafin fiƙihun da muka karanta a zaure, sharaɗin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, shi ne a yanke lokaci kuma a ambaci lada. Ki dubi al'adar kasuwanninmu: a ɗauki yaro a ce masa "zauna, in Allah ya yi zan sallame ka", ba shekara, ba adadi. Ya yi shekara bakwai yana buɗe shago da sassafe, ran da aka saɓa a ce ya kama gabansa da kayan jikinsa. In an ɗauke shi ne da sunan aiki, wannan ijara ɓatacciya ce, kuma malamanmu sun ce a biya shi ladan da ake biyan irinsa a garin. Wa zai faɗi nawa ne ladan irinsa? Ko alƙali sai ya nemi masana. Shi ya sa nake ganin wannan ilimi farilla ce ta kifaya.

Batun gurguzu ba zan tsawaita ba. Ki karanta, ki ɗauki hanyar ƙidaya da awo, ki bar musu inkarin addini da hana mallaka. Sayyidina Umar ya ɗauki tsarin diwani daga Farisawa ya rubuta sunayen mutane da abin da za a ba kowa. Nan kusa ma, Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi kuma ɗan gidan malamai ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a ƙarshen shekarun 1940.

Giba kuwa, Suratun Nisa'i aya ta 148 ta yi togiya ga wanda aka zalunta. Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar Abu Sufyan gaban Annabi (SAW) bai hana ta ba. Duk da haka ke ba alƙali ba ce, don haka ba ki da buƙatar suna. Kada ki rubuta sunan makaranta, ko na mai shago, ko wata alama da za a gane mutum da ita. Kada kuma ki tsayar da yaron shago kina masa tambayoyi maigidansa na zaune a kan benci yana ji. Ke za ki karɓi sakamakonki ki wuce, shi a kore shi. Matar da ke gyaran wake, da abin da ta gyara ake biyan ta. In kin cinye mata awa guda, ki sanar da ita tun farko, in da hali ki ɗan rage mata asarar. Abin kunya ne mai bincike kan haƙƙin ma'aikata ya ci gumin wata kyauta.

Abin da na fi ji miki tsoro ma ba shi bappa ya ambata ba. Na sha jin ɗalibai suna zama ƙarƙashin bishiya da takardun tambayoyi ɗari, su cike su da kansu suna sauya biro. Wannan shaidar zur ce, ko da sakamakon ya dace da gaskiya. Haka ƙara gishiri don abin ya ba da tausayi. Sannan ki ji ta bakin masu ɗaukar aikin. Akwai mai makarantar da iyaye suka riƙe masa kuɗi, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, shi hukuncinsa daban da na mai hali, domin Suratul Baƙara aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Akwai kuma ma'aikacin da ke sa hannu a rajista ya sulale kasuwa, shi ma mai tauye mudu ne. In kin tarar da haka, ki rubuta.

Game da bappa, barin binciken bai wajaba a kanki ba, amma tausasa masa harshe ya wajaba. Ina zaton tsoronsa kada ki tona masa asiri. Ki cire shagonsa daga cikin wuraren da za ki je, ki faɗa masa haka da bakinki. Maganar yanke wa yaransa lada da lokaci kuwa, kada ta fito daga gare ki. Ki nemi limamin unguwarku ko wani sa'ansa da yake jin nauyi ya same shi su biyu.

Wallahu a'alam.