Amosanin ka ya hana ni sakewa

Tambaya: Anti, barka da aiki. Tun shigowar hunturu kaina ke ƙaiƙayi, in na kwance kitso sai farin gari ya riƙa zubowa a kafaɗata. Ina shafa man zaitun kullum, abin sai ƙaruwa yake. Mene ne mafita? Daga wata ƙanwarki a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Ƙanwata, sannu. Ki fara ajiye man zaitun ɗin nan. Yawancin amosani yana da alaƙa da wani ƙwayar cuta mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kan kowa, kuma maiƙo ne abincinsa. In kin tula masa mai, kin ba shi abinci ne.

Ki nemi shamfu mai ɗauke da ketoconazole ko selenium sulfide a kemis. A fatar kai za ki murza shi, ba a gashi kaɗai ba, ki bar shi minti 5 kafin ki wanke, sau 2 a mako har tsawon mako 4. Na san wahalar kwance kitso, amma ki daure, kada ki bar kitson ya wuce mako 2. Kuma kada ki ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen gashi.

In wata ya cika babu sauƙi, ko kika ga ja da kumburi, ƙuraje masu ruwa, ko gashi na zubewa wuri-wuri, ki je asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Musamman ga yara, yana iya zama makero, shi kuwa sai da maganin sha.