Injin Triumph ne a ciki, amma bodin ba nasu ba: in saya ko in ja baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Birmingham. Wani dattijo maƙwabcin wurin aikina zai sayar da wata tsohuwar motar tsere mai kujera biyu, marar rufi, wadda ta shekara da shekaru a garejinsa cikin tamfol. Injin an rubuta masa Triumph, amma da na duba hotunan Triumph na shekarun 1950 ba su yi kama da ita ba. A gabanta akwai suna Doretti, shi kuwa ya ce ƙirar Italiya ce. Na ba da kafin alƙalami ko in dakata?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, amma kada ka bari motar ta kuɓuce maka. Idan abin da ka gani gaskiya ne, Swallow Doretti ce, kuma ba ta taɓa shaƙar iskar Italiya ba. A Walsall aka ƙera ta, nan kusa da kai. Kamfanin Swallow Coachbuilding ne ya yi ta a 1954 da 1955, kuma duka-duka kusan 276 aka fitar. Sunan ma daga Dorothy Deen aka samo shi, wadda ta yi dillancin motar a Kalifoniya. Aka ɗan murɗa shi ya yi daɗin faɗa a kunnen Amurkawa. Dattijon bai yi ƙarya da gangan ba, domin hancinta ya ɗauko kama da Ferrari na wancan zamani, kuma mutane da yawa sun ruɗe haka.

Abin da ya rikita ka al'ada ce ta Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙananan kamfanoni kan sayi inji da giya daga babban kamfani, su ɗora nasu bodin da aka buga da hannu. Maƙerin motoci Donald Healey ya yi haka da injin kamfanin Riley, maƙera irin su Tickford da Abbott suka yi masa bodi. Doretti kuwa ta ari injin motar Triumph TR2 mai silinda huɗu, cc 1991, da kafireta biyu na kamfanin SU. Dangin injin nan ne ke cikin tsohuwar tarakta Ferguson, shi ya sa ba ya saurin gajiya, kuma kayan gyaransa ba su yi wuya ba har yau.

Sai dai suna a hanci ba shaida ba ne. Da sukurdireba ake ɗaura shi. A shekarun 1950 an yi ta sayar da bodin roba mai zare, irin na kamfanonin Rochdale da Ashley, mutane na ɗorawa a kan tsohuwar Ford a bayan gida, kuma daga nesa wasu sun fi na gaske kyau. Don haka ka koma garejin da abu uku a aljihu: maganaɗisu, tef ɗin awo, da tocila.

Ɗora maganaɗisun a kan fiffiken taya da bonet. Fatar Doretti ta waje alminiyum ce, ba zai kama ba. To amma roba ma ba ta kama maganaɗisu, saboda haka leƙa ta ciki da tocila: in ka ga zare-zare kamar tabarma, roba ce, ka yi sallama ka tafi. Sannan auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Ta Doretti inci 95 ce, ta TR2 kuwa 88. Wannan awo kaɗai ya isa ya tona asirin wanda ya canza wa TR2 riga. Daga nan ka durƙusa ka duba ƙarƙashi. Shasin Doretti da bututun ƙarfe aka haɗa shi, domin Swallow a lokacin yana ƙarƙashin Tube Investments, masu bututun Reynolds da ake yin kekunan tsere da shi. Lambar injin TR2 kuwa da TS take farawa.

Inda na fi jiye maka tsoro shi ne tsakanin fatar alminiyum da ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Waɗannan biyu ba sa ga maciji idan danshi ya shiga tsakaninsu: ƙarfen ya yi tsatsa, alminiyum ya koma farin gari kamar alli. Shafa hannunka a gindin ƙofofi da bakin fiffike. Duk inda fenti ya yi ƙuraje, akwai aiki a ƙasansa, kuma ba kowane mai bugun bodi ne ya iya alminiyum ba. Inji kana iya samunsa a kanti. Ƙofa ko bonet na motar da ba a yi ɗari uku ba, sai an buga maka sabo da guduma, kuma a nan kuɗi ke narkewa.

Kafin ka miƙa ko fam ɗaya, ɗauki hoton lambar shasi, ka gwada ta da abin da ke cikin takardar rajistar motar, wato V5C, sannan ka aika wa ƙungiyar TR Register, masu bin diddigin irin waɗannan motoci. Su kan san tarihin mota ɗaya-ɗaya, har da wadda aka taɓa cewa ta ɓace. In lambar ta dace, shasin bai ruɓe ba, kuma gilashin gaba da dashbod na asali suna nan, ba da kafin alƙalaminka a rubuce, da sharaɗin za ka kawo makanikin da ya san tsoffin motocin Ingila ya duba ta a ɗage. In dattijon ya ƙi yarda a ɗaga ta, ka mayar masa da tamfol ɗinsa.