Robar da ta sha rana: furotin ya fi manne mata ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko robar da ta daɗe a rana ta fi sabuwa kama furotin. Ya danganta da irin furotin ɗin.

Hasken UV, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, yana tsinka sarƙar polima (dogayen ƙwayoyin da suka haɗu suka zama roba), iskar oksijin ta shiga, sai rukunin kabonil da kaboksil, wato sinadarai masu ɗauke da oksijin, su bayyana a saman robar. Shi ya sa idan ka shafa tsohuwar roba za ka ji kaushi, har gari ya biyo yatsanka. Ɗiga mata ruwa: a kan sabuwa digon zai dunƙule, a kan tsohuwa ya baje.

To, saboda kaboksil ɗin nan, saman ya samu cajin nagetif. Lisozim, furotin da ke cikin hawaye da farin ƙwai, mai cajin fozitif ne, don haka zai fi kamawa. Albumin kuwa, furotin na jini, a pH 7.4 (ma'aunin tsami irin na jini) nagetif ne, kuma da ma ƙin ruwan da roba ke yi ne ke riƙe shi, don haka yana iya raguwa, sai dai tsagewar saman tana ƙara masa wurin zama.

Kada ka shanya samfurinka bayan gilashin taga, gilashin yana tare yawancin UVB, nau'in hasken UV mai ƙarfin lalata roba. Ka wanke shi kafin gwaji, kuma ka kwatanta da faɗin saman robar, ba nauyinta ba.

Akan auna yawan kabonil da FTIR, na'urar da ke gano sinadarai da hasken infrared. Nemi masanin polima ya karanta maka sakamakon.