Hukuncin bin salsalar kakannin da ba Musulmi ba: tambaya daga Massachusetts

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Massachusetts ta Amurka. Maiɗakina Baturiya ce, ta musulunta tun kafin aurenmu. Gwaggonta ta rasu ta bar mata akwati cike da takardun salsalar gidansu, waɗanda suka nuna cewa sun fito daga Kiristocin nan 'yan Furitan da suka baro Ingila a 1630. Tana son ta ci gaba da binciken, har ta shiga ƙungiyar zuriyarsu, amma gabanta na faɗuwa saboda ta karanta irin ɓarnar da mutanen suka yi wa 'yan asalin ƙasar. Shin ya halatta? Za mu koya wa yaranmu wannan salsala? Tana iya nema wa kakannin gafara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Binciken halal ne, ɗan'uwa. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 13, ya sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce mu koyi abin da za mu sada zumunta da shi na nasabarmu. Saɓanin addini ba ya yanke zumunta, domin da mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo mata Madina tana mushirika, cewa aka yi da ita ta sada da mahaifiyarta. Shi kansa Sayyidina Abubakar ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, alhali mafi yawan kakannin da yake lissafawa masu bautar gumaka ne. Yaranku nasabarsu ta uba ce, amma dangin uwa ma dangi ne, babu laifi su san su.

Inda nake son maiɗakinka ta buɗe ido shi ne gaskiyar abin da ke cikin akwatin. Buhari ya ruwaito daga Abu Zarri cewa duk wanda ya jingina kansa ga wasu mutane alhali ba shi da nasaba a cikinsu, to ya tanadi mazauninsa a wuta. Wannan narko ya shafi wanda ya yi da gangan, amma ya isa ya hana mutum sakaci. 'Yan Furitan ɗin nan sun bar rubutu mai yawa. Tun 1639 hukumar Massachusetts ta umarci a riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma akwai kundayen coci da wasiyyoyi da takardun filaye. Duk da haka tuntuɓe yana da sauƙi. Al'adarsu ce idan yaro ya rasu a mayar wa ƙaninsa sunansa, sai ka tarar da John biyu ko Mary uku a gida ɗaya. Shekararsu kuma a ranar 25 ga Maris take farawa har zuwa 1752, shi ya sa ake ganin kwanan wata kamar Fabrairu 1642/3. Wanda bai san wannan ba zai iya ɗora jika a mazaunin kaka. Ga kuma 'yan damfara: wani mai suna Gustave Anjou, wanda ya mutu a 1942, ya daɗe yana ƙirƙirar salsala yana sayar wa masu kuɗi, kuma ƙaryarsa ta shige cikin takardun gidaje da yawa. Saboda haka kowane tsani na salsalar sai ta nemo masa shaida, inda ya yanke ta tsaya nan. Cibiyar binciken salsala ta New England, yankin da Massachusetts take ciki, wadda aka kafa a Boston a 1845 tana da kayan aikin.

Ta kuma bambance jama'a biyu da ake yawan cuɗawa. Jagororin mutum 102 na jirgin Mayflower da suka sauka Plymouth a 1620 sun ɓalle ne daga cocin Ingila ɗungurungum. Ayarin 'yan Furitan na John Winthrop na 1630, jirage 11 da mutum wajen 700, su gyara cocin suke so daga ciki. Da yake sunan Mayflower ya fi kwarjini, mutane kan ja salsalarsu da ƙarfin tsiya don ta kai can. Wannan shi ne ainihin abin da hadisin Abu Zarri ya hana.

Shiga ƙungiya ya danganta da aikinta. Idan adana takardu ne da sanin dangi, babu laifi, ta dai ƙaurace wa duk abin da yake ibadar coci ne ko zaman giya. Idan kuwa taron nuna isa ne a kan waɗanda kakanninsu suka zo a baya ko aka kawo su a ɗaure, to Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin al'amuran jahiliyya.

Abin da ta karanta gaskiya ne, kada ta goge shi. A 1637 'yan Furitan sun ƙone garin Pequot, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, a Mystic, ɗaruruwa suka hallaka har da mata da yara. A 1638 jirgin Desire ya dawo Boston da bayi 'yan Afirka, bayan an kai kamammun Pequot tsibiran Karebiyan, kuma dokar 1641 ta amince da bauta. A 1692 an rataye mutum 19 a Salem bisa zargin maita. Sai dai babu ko ƙwayar zarra ta wannan a wuyanta, domin wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, kuma aya ta 134 a Baƙara ta ce waccan al'umma ce da ta shuɗe, nata na gare ta, naku na gare ku. Ikrima ɗan Abu Jahili ne, kuma sahabi ne. Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren: Samuel Sewall, ɗaya daga alƙalan Salem, ya miƙe tsaye a coci a 1697 aka karanta takardar nadamarsa, a 1700 kuma ya yi rubutu yana sukar bauta.

Neman gafara kuwa bai halatta ga wanda ya mutu a kan wani addini ba, bisa aya ta 113 a Suratut Tauba. Amma ba a yanke wa wani mutum ayyananne wuta, don ba mu san ko saƙon Musulunci ya iso gare shi a kan haƙiƙarsa ba, Allah kuwa ya ce ba ya azaba sai ya aiko manzo. Ziyarar kaburburansu don wa'aztuwa da karanta sunayen da ke jikin duwatsun ta halatta, ba tare da yi musu sallamar da ake yi wa mamatan Musulmi ba. Addu'ar shiriya ta yi wa danginta da ke raye.

Wallahu a'alamu.