Kuskure Wajen Rufe Fayil: Amsoshin Tambayoyinku

Malam, na sa close(), umarnin rufe fayil, cikin finally (sashen da ke gudana ko an samu kuskure ko ba a samu ba) a yaren shirya manhaja na Java, sai ainihin kuskuren ya ɓace, wani daban ya fito. Na rasa yadda zan yi. Ɗalibi daga Zariya.

Kwantar da hankalinka, ƙanena, wannan ya wahalar da manya ma. Idan close() ya gaza a cikin finally, kuskurensa ne ke danne na farko. Ka koma ga try-with-resources, tsarin da ke rufe fayil da kansa, wanda ya zo da Java 7 a 2011. Yana riƙe kuskuren farko, na rufewar kuma ya ajiye shi gefe, ka same shi da getSuppressed().

Idan close() ya gaza a Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, in sake kiransa?

Kada ka kuskura. An riga an saki lambar da Linux ke gane fayil ɗin da ita, wani sashe na manhajar na iya karɓarta, sai ka rufe masa nasa.

Wai rufe fayil ma yana gazawa? Ni dai defer f.Close(), mai jinkirta rufewa zuwa ƙarshen aikin, nake sawa a yaren Go in wuce.

Haba malam! Fayil ɗin da karantawa kawai ka yi, babu laifi. Amma wanda ka rubuta a ciki, sau da yawa bayanan na jira a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sai wajen rufewa ake gano faifai ya cika ko sadarwa ta yanke. Wannan defer ɗin zubar da kuskuren yake yi, manhajarka ta ce wa mai shago lissafinsa ya adanu, alhali rabi ne ya shiga. Duba abin da Close() ya mayar, kuma in bayanan masu muhimmanci ne, kira Sync(), mai tilasta rubuta su a faifai, kafin nan.

Abin da ya fi damuna ma shi ne jabun filashi da memori da suka cika kasuwa. Za ka ga an buga 64GB a jiki, da araha mai ruɗi, cikinsa bai wuce 8GB ba. Irin wannan ba ya ko kawo kuskure. Sai ya karɓi komai shiru, ya riƙa take tsofaffin bayanai ko ya zubar da sababbi. Duk kyawun tsarinka na rufe fayil ba zai cece ka ba. Araha ba ta ado! Kafin ka zuba takardun ofis ko hotunan biki, gwada shi da manhajar H2testw ko F3: su cika shi fal, su karanta su gani. In bai kai ba, mayar wa mai shi a ranar, kada ka bari a kwana.